Rasuwar Baba ta same ni a Punjab

Mahaifina tela ne a cikin birnin Zariya, kuma a gindin kekensa na tashi. Tun ina firamare nake sa maɓalli da kalmasa bakin wando, kafin in gama sakandare har babbar riga ina yankawa. Shi mutum ne marar yawan magana. Idan aka kira salla, ko da allura na tsakiyar yadi zai ɗaga ƙafa daga kan keke ya fita. Ni kuwa da na fara samun kuɗin kaina sai na zama ɗan zaman majalisar hira. Salla ina yi, amma a ƙurarren lokaci, Asuba kuma sai rana ta fito. Ban taɓa jin Baba ya zage ni a kan haka ba, kallona kawai yake yi, kallon nan kuma ya fi duka ciwo.

Wata La'asar wasu 'yan Tabligi, masu fita kira zuwa ga Allah, suka tsaya a ƙofar shago, ɗaya ɗan unguwarmu, sauran baƙi. Ba su yi mini wa'azi mai tsawo ba. Wanda ya yi magana ya riƙe hannuna ya ce ana bayani a masallaci bayan Magariba, in daure in zo. Kunya ce ta kai ni. Daga nan na fara fita kwana uku a wata, sannan na yi kwana arba'in a garuruwan Arewa, har aka fara yi mini maganar wata huɗu a Pakistan.

Ga wanda bai sani ba, aikin nan na Tabligi ya faro ne a yankin Mewat na Indiya a 1926, a hannun Maulana Muhammad Ilyas, wanda ya rasu a 1944. Babbar cibiyarsa a Pakistan tana Raiwind, kimanin kilomita 40 daga Lahore, inda ake babban taron ijtima'i kowace shekara wajen watan Nuwamba. Ba a biyan kowa albashi. Kuɗin jirgi, na abinci, na mota, duk daga aljihunka za su fito.

Kafin a bar mutum ya tafi akwai zaman da ake kira tafaƙƙudi. Dattawa za su zaunar da kai su tambaye ka nawa ka tara, wa ka bari a gida, me ka bar musu, akwai bashi a kanka, iyayenka sun yarda, lafiyarka ƙalau. Dattijon da ya yi mini nawa bai yi mini da sauƙi ba. Sai da ya sa na raba kuɗina kashi biyu, na ajiye wa Mama buhun masara da shinkafa da kuɗin cefane a hannun yayana, na biya wani bashin zare da ake bina a kasuwa, sannan ya ce in je in zo masa da amsar Baba daga bakinsa. Lokacin Baba yana fama da hawan jini amma yana zuwa shago. Da na faɗa masa, ya daɗe yana gyara zare a ƙoshiya kafin ya ce, "Ka je. Ka yi mini addu'a a can." Na ce, "To Baba, Allah ya sa in dawo in same ku lafiya." Ya ce amin.

Mun sauka a filin jirgin sama na Allama Iqbal da ke Lahore a farkon hunturu. Agogonsu yana gaban namu da awa 4, motoci kuma ta hagu suke bi, don haka wanda zai tsallaka titi ya fara duban dama. A Raiwind akwai ɓangaren baƙi 'yan ƙasashen waje, nan za ka ga Balarabe da ɗan Indonesiya da ɗan Sudan da ɗan Afirka ta Kudu a shimfiɗa ɗaya. Fasfo da yawancin kuɗi ana ba da su amana a karɓi takarda. Ana fassara bayanai daga Urdu zuwa harsuna daban-daban, kowa ya nemi da'irar da zai fahimta ya zauna. Bayan 'yan kwanaki aka haɗa mu jama'a, mutum goma, aka naɗa mana amiri, aka haɗa mu da tafinta, aka yi mana hidaya, wato jawabin ladubban tafiya, aka ba mu sunan yankin da za mu nufa a ƙauyukan Punjab.

Kayan kowa bai wuce abin da zai iya ɗauka a bayansa ba: jakar barci, shimfiɗa marar nauyi, kaya kala uku, asuwaki, sabulu, tocila, kofi da faranti. Kayan jama'a kuma tukwane biyu ko uku, butar shayi, ƙaramar tukunyar gas, wuƙa, da ledar shimfiɗa ta cin abinci. A masallaci ake kwana, galibi kwana uku a kowanne, sannan a naɗe kaya a yi gaba.

Yini yana tafiya ne a kan tsari ɗaya. Ana tashi tahajjudi kafin alfijir, a yi Asuba, a yi gajeren bayani a kan siffofi shida: kalmar shahada, salla da natsuwa, ilimi da zikiri, girmama Musulmi, gyaran niyya, da ba da lokaci don kira zuwa ga Allah. Bayan rana ta ɗaga a karya kumallo, sai mashawara. A nan amiri yake jin ra'ayin kowa ɗaya bayan ɗaya, daga damansa, sannan ya raba aikin yini: wa zai karanta ta'alimi, wa zai yi sanarwa bayan Azahar, wa zai yi bayanin Magariba, su wa ke hidima. Ladabin shi ne ka faɗi ra'ayinka sau ɗaya, in ba a ɗauka ba ka yi shiru da zuciya ɗaya. Na ga manyan 'yan kasuwa da malaman jami'a da wannan ya fi yi musu wuya a kan kwanan ƙasa. Daga hantsi zuwa kusan Azahar ta'alimi ne, a karanta hadisan falalar ayyuka, a rarrabu biyu-biyu ko uku-uku a gyara wa juna karatun surori goma na ƙarshe. Bayan abincin rana a ɗan kwanta. Bayan La'asar sai jaula, wato zagayen gidaje don gayyatar mutane masallaci, wadda su suke kira gasht: ɗan gari yana gaba yana nuna gidaje, mai magana ɗaya ne, sauran suna zikiri a zuci, ba a leƙa cikin gida, ba a tsayawa daidai ƙofa. Wasu kuma suna zaune a masallaci suna jiran waɗanda za a turo. Bayan Magariba babban bayani, bayan Isha'i a karanta tarihin sahabbai, a ci abinci, a kwanta.

Akwai abubuwa huɗu da ake hana mu gaba ɗaya: roƙo da baki, kwaɗayin abin hannun mutane a zuci, almubazzaranci, da taɓa kayan wani ba izini, ko da silifa ne za ka shiga banɗaki. Siyasa da gardamar mazhaba kuma ba a buɗe musu ƙofa. Wannan na ƙarshen ya yi mana amfani ƙwarai, domin mutanen can Hanafawa ne. La'asar ɗinsu tana yin baya sosai, Asuba sai gari ya fara haske, wutiri raka'a uku suke yi a haɗe. Mu da muka tashi da Malikiyya, wasunmu suna sakin hannu a salla, kuma a ƙauyukan nan duk wanda aka ga ya saki hannu ana ɗaukarsa ɗan Shi'a ne. Sau da yawa bayan sallama za ka ga dattijo ya matso yana yi wa tafinta raɗa. Amirinmu yakan yi bayani a taƙaice cewa mutanen Afirka ta Yamma mabiya Imam Malik ne, daga nan sai fuska ta saki, a hau rungumarmu.

Aikin da ya fi koya mini abu shi ne hidima. Mutum biyu ake ba kowace rana, su ne kasuwa, su ne girki, su ne wanke-wanke. Kowa yana zuba kason kuɗinsa na 'yan kwanaki a hannun ma'aji, shi kuma ya rubuta duk abin da aka kashe. Don mutum goma, shinkafa kilo ɗaya da rabi tana isa ci ɗaya. Waken da suke kira dal rabin kilo ya wadatar, a jiƙa shi tun da safe, a dafa da kurkum da gishiri har ya narke, sannan a soya albasa da tafarnuwa da tumatir a mai a juye a kai. Gurasarsu, roti, ba ma wahalar da kanmu, a wajen mai tanderu ake saya, biyu zuwa uku ga kowane mutum, a naɗe a tsumma don kada ta bushe. Shayi kuwa da madarar ɓauna ake dafa shi, mai kauri, wani lokaci da mazarƙwaila maimakon sukari, domin lokacin sanyi ne ake matsar rake a gonakinsu. Lemon da suke kira kinnow yana arha a watannin nan. Kalmomi kaɗan sun ishe ka kasuwa: pani ruwa ne, garam mai zafi, mirch kam a rage barkono, bas ya isa. Ta ƙarshen nan za ka yi ta faɗinta, don mutanen Punjab ba sa yarda baƙo ya ƙoshi.

Sanyin ne ban taɓa sanin irinsa ba. A Disamba da Janairu dare yakan sauka ƙasa da digiri 5, ga wani hazo mai jiƙa da ke rufe gari har a rufe manyan hanyoyi, a yini ba a ga rana ba. Wankin da ka shanya sai ya kwana biyu bai bushe ba. Daɓen masallaci yana tsotse ɗumin jiki, saboda haka abin da ka shimfiɗa a ƙasa ya fi abin da ka lulluɓa muhimmanci. Safa mai kauri, hular sanyi da mayafin ulu da suke kira chadar dole ne, kuma a can sun fi arha. Abin da ke kashe mutane shi ne a kunna gawayi ko hitar gas a rufe ƙofa da taga a kwanta. Iskar da ke fita ba ta da wari, mutum sai dai ya ji ciwon kai da jiri ya yi barcin da ba tashi. Amirinmu da kansa yake zagawa ya kashe komai kafin ya kwanta.

Cikin wannan sanyi ciwo ya kama ni. Ya fara da ciwon kai da kasala, zazzaɓi yana hawa kaɗan-kaɗan kowane yamma fiye da na jiya. Mu 'yan Najeriya duk zazzaɓi maleriya ne a wurinmu, kusan kowa yana da maganinta a jaka. Amma wannan bai ji ba. Ciki ya ɗaure, abinci ya fita kaina, harshe ya yi fari. Wani ɗan gari da ke zuwa ta'alimi, ma'aikacin lafiya ne, ya dube ni ya ce wa amiri a kai ni asibiti yau, kada a jira gobe. A can aka ɗebi jinina aka shuka shi a ɗakin gwaji, sakamakon ya ɗauki kwana uku, ya nuna taifod.

Ina so matasan da ke shirin tafiya su riƙe wannan da kyau. Taifod ta ruwa da abinci take shiga, kuma takan yi mako ɗaya zuwa biyu a jiki kafin ta bayyana, don haka ba za ka ma san a wane gari ka sha ta ba. Tun 2016 aka samu wani nau'inta a Hyderabad ta lardin Sindh wanda ba ya jin yawancin magungunan da aka saba bayarwa, har ya sa Pakistan ta shigar da sabon rigakafin taifod cikin allurar yara a 2019. Shi ya sa shan kafso da ka ba ya wadatarwa, sai gwajin da zai nuna wane magani ƙwayar take ji. In aka bar ta ta shiga mako na uku tana iya huda hanji. Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ko a jefa ƙwayar kulorin a jira rabin awa. Ƙanƙara, ruwan rake na bakin titi da ganyen da ba a dafa ba, a haƙura da su. In gudawa ta zo, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya kamu kuma ya shanye maganinsa har ƙarshe ko ya ji sauƙi, kada a sa shi girkin jama'a sai likita ya yarda.

Ina kwance a gadon asibitin nan amiri ya shigo da tafinta. Ya zauna a bakin gado, ya riƙe ƙafata ta cikin bargo, ya daɗe yana magana a kan haƙuri. Tun kafin ya kai ƙarshe na gane. Yayana ne ya bugo. Baba ya faɗi a shago bayan Azahar, kafin La'asar rai ya yi halinsa, an kai shi makwancinsa kafin Magariba. Lokacin da ake binne shi, a wurinmu dare ya riga ya yi, ina kwance ana ƙara mini ruwa.

Ban iya kuka ba a ranar. Abin da ya tsaya mini a ƙirji shi ne ban ɗauki makararsa ba, ban zuba masa ƙasa ba, ni da na fi kowa zama kusa da shi. Na yi ta tambayar kaina ko ya san lokacinsa ya kusa da ya ce in yi masa addu'a a can. A mazhabarmu da tasu duka ba a saba yi wa mamaci salla daga nesa ba, saboda haka addu'a aka yi. Mutanen ƙauyen da ba su taɓa jin sunan Zariya ba suka yi ta zuwa asibiti, su zauna, su ɗaga hannu, su tafi. Wani tsoho manomi kullum da safe yana zuwa da madara mai ɗumi a kwanon ƙarfe, a naɗe cikin mayafinsa don kada ta huce. Ba ya jin yarena, ba na jin nasa. Zai zauna har in shanye, ya shafa kaina, ya karɓi kwanonsa.

Sai maganar komawa gida. Amiri ya ce zaɓi nawa ne, in na ce zan tafi za su haɗa ni da wanda zai raka ni Lahore a canza tikiti. Zuciyata duk tana gida. Amma ko tsayuwa a salla ban iya ba, likita kuma ya ce ban isa doguwar tafiya ba. Da aka haɗa ni da Mama a waya, muryarta a dashe, na ce, "Mama, zan taho." Ta ce, "Ka taho ka yi me? Wanda za ka gani ya riga ya tafi. Abinci yana nan, yayanka yana nan. Ka warke, ka ƙarasa abin da ya sa maka albarka a kai." A nan ne kukan ya zo. Kuma a nan na gane darajar dattijon da ya matsa mini a tafaƙƙudi. Da Mama tana takaba babu hatsi a ɗaki, ko masu bashi suna sallama a ƙofar gida, da ba ta iya faɗin wannan magana ba, ni ma da ban iya zama ba. Na ga wanda irin wannan labari ya same shi bai bar komai a gida ba, na ga yadda ya kasa salla da natsuwa har ya tafi.

Na koma cikin jama'a a rame, an ɗauke mini hidima, aikina zama a ta'alimi da gyara wa yara Fatiha. Da lokacinmu ya cika muka koma Raiwind muka ba da karguzari, wato rahoton yadda tafiya ta kasance. Akwai wani abu da ya kamata a sani a nan: wanda ya zauna a Pakistan fiye da mako 4 ana iya neman shaidar ɗigon rigakafin shan inna a hannunsa lokacin fita, tsarin da aka fara tun 2014. A nemi katin da wuri, a haɗa shi da katin rigakafin ciwon shawara a cikin fasfo.

Yawon buɗe ido ba ya cikin tsarin fita, ana ma son a rage fita daga masallaci in ba da dalili ba. Sai da muka gama, muna jiran ranar jirgi, muka nemi izini muka shiga Lahore da wani ɗan gari. Masallacin Badshahi muka fara zuwa, wanda sarki Aurangzeb ya gina aka gama a 1673. Jan dutse ne gaba ɗayansa, da ƙubbobi uku na farin marmara. Sai ka hau matakala ka ratsa ƙofa sannan filin tsakiya zai buɗe a gabanka, faɗinsa har mutanen da ke ɗaya gefen su zama ƙanana. Kabarin Allama Iqbal, shahararren marubucin waƙoƙin nan da aka sa wa filin jirgin sunansa, yana gefen matakalar, da sojoji masu gadi. Ɗan rakiyarmu ya ce bayan Ranjit Singh, sarkin mabiya addinin Sikh, ya ci Lahore a 1799 an mayar da filin nan wurin ɗaure dawaki da ajiyar kayan yaƙi, aka yi shekaru kafin ya dawo hannun Musulmi. Na yi raka'a biyu a ciki, a zaune saboda jiri, na yi wa Baba addu'ar da ya ce in yi masa.

Daura da masallacin akwai tsohuwar fadar sarakunan Mughal, inda baƙo ɗan ƙasar waje yake biyan kuɗin shiga fiye da ɗan ƙasa. A cikinta akwai ɗakin da sarki Shah Jahan ya sa aka lulluɓe bangonsa da ƙananan madubai. Daga sama ana hango hasumiyar Minar-e-Pakistan, a filin da aka zartar da ƙudurin neman ƙasar a Maris na 1940. Amma wurin da ya fi shiga raina shi ne masallacin Wazir Khan, na zamanin Shah Jahan, a cikin tsohon birni ta Ƙofar Delhi. Lungunan da ke kai ka can sun tuna mini da cikin birnin Zariya, ga masu kayan yaji, ga masu yadi, ga teloli a ƙananan shaguna. Bangon masallacin duk ado ne na fale-falen tangaran shuɗi da rawaya da kore, furanni da rubutun ayoyi. A matsayina na tela na tsaya ina bin zanen da ido, ina lissafin yadda zai zauna a wuyan riga. A hanyar fita na ga wani dattijo a kan keken ɗinki baƙi irin na Baba, tabarau a kan hanci. Ban iya wucewa ba sai da na tsaya na yi masa sallama.

Da na dawo, daga tasha maƙabarta na wuce da jakata a baya, yayana ya nuna mini kabarin. Shagon yanzu a hannuna yake, yaran da Baba ya bari suna nan, na ƙara biyu. Jikina ya ɗauki watanni kafin ya dawo daidai, gashina ma sai da ya zube ya sake fitowa. Mama tana nan da rai, a hannuna take.

A masallacinmu yanzu ana sa ni cikin masu zama da matasan da ke son tafiya waje. Ina tambayarsu hatsin da suka bari, da sunan wanda zai riƙa kai mahaifiyarsu asibiti, da bashin da ke kansu har na mai shayi. Ina sa su nemi rigakafin taifod aƙalla mako biyu kafin tashi, su ware kuɗin asibiti daban da na abinci, su bar wa gida lambar da za a same su. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke kwance, nakan ce masa ya yi kwana arba'in ɗinsa a nan kusa, inda mota za ta iya dawo da shi a yini ɗaya, Pakistan ta jira wata shekarar.